Daga Ƙwayar Zarra Zuwa Kamfa: Tarihin Yadda Hausa Ke Raɗa wa Kimiyya Suna



Duk wanda ya hau mota daga Funtua zai je Zariya, sai ya ratsa Giwa da Shika kafin ya shiga Samaru. A nan Samaru, a Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello, akwai tukunyar nukiliya da ke aiki tun 2004. Ƙarama ce, ta bincike, ƙirar ƙasar Sin, ƙarfinta wajen kilowat 30. Da ita ake gano abubuwan da ke ƙunshe cikin ƙasar noma da duwatsu da abinci, kuma ita kaɗai ce irinta a Nijeriya. Ta haura shekara ashirin tana zaune a tsakiyar ƙasar Hausa. Amma da za a ce wa ɗayanmu ya rubuta shafi biyu da Hausa, ya bayyana wa manomin Bakori abin da ke faruwa a cikin tukunyar nan, da yawanmu alƙalaminmu zai cije tun a layi na uku. Kalmomin za mu nema mu rasa.

Wannan rashi yana da tarihi. Wanda ya bi tarihin zai ga abu guda yana ta maimaita kansa: kalmar kimiyya tana rayuwa ne a inda ake aiki da ita kullum, tana kuma mutuwa a inda aka rubuta ta aka rufe.

Kafin zuwan boko

Hausa ta daɗe tana karɓar kalmomin ilimi daga waje. Tun daga ashirin har zuwa tis'in, sunayen gomomin ƙirgenmu daga Larabci suke, sun ture tsohon ƙirge na gomiya biyu da gomiya uku. Haka sunayen ranakun mako, da sifiri, da hisabi, da falaki. Babu wanda yake jin baƙuntarsu yau, domin sun shiga kasuwa da zaure da makarantar allo.

Ƙasar Katsina ta haifi masana lissafi tun kafin Turawa. Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu a kan lissafin hatimi, wato jera lambobi cikin gidaje ta yadda kowane layi zai ba da jimilla ɗaya. Da Larabci ya rubuta, kamar yadda malaman zamaninsa suke yi. Abin da ya sauko cikin Hausa daga wannan ilimi shi ne abin da malami ya riƙa fassara wa almajiransa da baki.

Ta wannan ƙofa ce kalmar zarra ta shigo. A Larabci tana nufin abu mafi ƙanƙanta, kamar ƙaramar tururuwa ko ƙurar da ake gani cikin hasken rana idan ya ratso taga. Duk almajirin da ya karanta Suratul Zalzala ya san ta. Da Larabawan zamani suka buƙaci suna ga ɗan ƙanƙanin abin nan da aka gina kowace halitta da shi, sai suka ɗauko ta. Mu ma muka bi sahu, muka ce ƙwayar zarra. Ƙarin kalmar ƙwaya ya yi amfani, domin Hausa tana da wata zarra tata ta fifiko, wadda ake cewa wane ya yi zarra.

Zamanin Zariya

Aikin raɗa wa ilimin boko suna a hukumance ya fara da Hukumar Fassara, wadda aka kafa a 1929. A 1933, ƙarƙashin Dokta Rupert East a Zariya, ta koma Hukumar Talifi. Mu marubuta mun fi tuna ta da gasar da ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi. Amma babban aikinta na yau da kullum shi ne samar wa makarantun elementare littattafan lissafi da kiwon lafiya da noma da labarin ƙasa, domin a lokacin da Hausa ake koyarwa a azuzuwan farko.

A 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo, Abubakar Imam yana editan Hausa. A 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya a Zariya. Daga 1949 East da Imam suka fara fitar da Ikon Allah, littafin da ya bayyana halittun duniya da yadda suke gudana cikin Hausar da yaro zai gane. Ku dubi sunan da suka zaɓa. Sun san mai karatunsu, sun san ta ƙofar da zai yarda ya shiga. A 1953 aka kafa NORLA, ta yi ta buga ƙananan littattafai na Yaƙi da Jahilci har zuwa 1959.

Abin lura a wannan zamani shi ne mai ƙirƙirar kalma da mai buga littafi da mai koyarwa a aji duk igiya ɗaya ta ɗaure su. Kalmar da aka zaɓa a Zariya bana, baɗi tana bakin ɗan aji uku a Malumfashi.

Kalmomin da yaƙi ya kawo

Ilimin nukiliya bai bi ta wannan hanya ba. Ta hanyar labarin yaƙi ya iso mana. Ran 6 ga Agusta 1945 Amurka ta jefa bom a Hiroshima, ran 9 ga wata ta jefa na biyu a Nagasaki. Labarin ya shafi ƙasar Hausa kai tsaye, domin dubban samarin Arewa suna cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma da suka yaƙi Japan a Bama, kuma da Hausa suke magana a barikinsu. Miƙa wuyan Japan ne ya buɗe musu hanyar dawowa gida.

Karo na biyu ya fi matsowa kusa. Ran 13 ga Fabrairu 1960 Faransa ta gwada bom ɗinta na farko a Reggane, cikin hamadar Aljeriya. Lokacin hunturu ne, lokacin da iska ke kwaso ƙurar Sahara ta sauke mana ita a tsakar gida. Hankalin mutane ya tashi daga Nijeriya har Gana. Bayan gwaji na uku a ƙarshen Disamba 1960, gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa, wato marubucin Shaihu Umar, ta kori jakadan Faransa a Janairu 1961.

Su wa za su faɗa wa jama'a wannan labari da Hausa? 'Yan jarida da ma'aikatan rediyo. BBC ta buɗe sashen Hausa a 1957, Rediyon Kaduna ya fara a 1962, Muryar Jamus a 1963, Muryar Amurka a 1979. Mai fassara labarai yana da 'yan mintuna kafin a kunna masa makirfo, ba shi da lokacin jiran kwamiti. Daga bakin irin waɗannan mutane ne muka gaji nukiliya, da makamin ƙare dangi, da makami mai linzami, da makamashi. Sun yi ƙoƙari matuƙa. Ƙare dangi suna ne da ya yi daidai da mai shi, ba ya buƙatar ƙarin bayani.

Sai dai labarai suna ɗaukar abin da ya fashe ne ko wanda ake rikici a kansa. Saboda haka Hausa ta sami kalmomin tsoron nukiliya, ba ta sami na fahimtarta ba. Tun 1971 ake haƙo yuraniyom a Arlit ta Jamhuriyar Nijar, ƙasar da Hausa ce harshen da aka fi ji a cikinta. An kafa Hukumar Makamashin Nukiliya ta Nijeriya a doka a 1976. Duk da haka, har gobe idan ka ce wa mutum nukiliya, bom yake gani.

Hukumar da ta watse

An yi yunƙurin tsara lamarin. A 1955 gwamnatin Jihar Arewa ta kafa Hukumar Harshen Hausa, aka ɗora mata daidaita rubutu da tantance baƙin kalmomi. Ta fitar da jerin kalmomin aro da na fannoni. Bayan an raba Arewa zuwa jihohi shida a 1967, hukumar ta rasa uban da zai riƙe ta, ta watse. Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya da aka kafa a Kano a 1969 ta ɗauki wani ɓangare na aikin, ita ce ma ta fitar da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero a 2006. Amma cibiyar jami'a shawara take bayarwa, ba ta da ikon tilasta wa mai buga littafi ko gidan rediyo.

Tsarin ilimi na ƙasa na 1977 ya ce a koyar da yaro da harshen uwa a farkon firamare. A shekarun 1980 aka tattara kalmomin kimiyya da lissafi na firamare cikin harsunan Nijeriya tara, har da Hausa. A 1991 aka fitar da ƙamusun kalmomin majalisa cikin harsuna huɗu. Masana sun zauna, sun yi gumi. Amma ku tambayi malamin firamare a Ƙanƙara ko ya taɓa riƙe ɗaya daga cikin littattafan nan.

Akwai fanni ɗaya da aikin ya kama ƙasa, kuma mu ne shaidarsa. A 1990 aka buga Ƙamus na Keɓaɓɓun Kalmomi, wanda Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya tace, mai ɗauke da kalmomin nazarin harshe da adabi. Yau duk wanda ya fara rubutu ya san jigo da salo da zubi da tsari da tauraro da amsa-amo. Muna amfani da su a sharhin junanmu ba tare da mun tuna cewa wasu ne suka zauna suka keɓe su ga wannan aiki ba. Dalilin rayuwarsu a fili yake: Hausa da Hausa ake koyar da ita daga sakandare har jami'a, da su ake jarrabawa. Kimiyya kuwa da Turanci ake koyar da ita, sai kalmominta na Hausa suka zauna cikin kabad.

Yadda Malesiya ta yi

Yana da kyau mu leƙa wata ƙasa da ta tashi da irin matsalarmu. Malesiya Ingila ce ta mulke ta kamar mu, harshenta na Malay ya sha aro daga Larabci kamar namu, an kuma daɗe ana rubuta shi da baƙaƙen Larabci da suke kira Jawi, kwatankwacin ajaminmu. A 1956, shekara guda bayan kafa Hukumar Harshen Hausa, suka kafa tasu hukumar mai suna Dewan Bahasa dan Pustaka. Tasu tana nan har yau, kuma ita kanta kamfanin buga littattafan makaranta ce. A 1970 suka buɗe jami'ar ƙasa mai koyarwa da Malay. A 1972 suka haɗa majalisar harshe da Indunusiya, a 1975 suka fitar da ƙa'idar ƙirƙirar kalmomi: a fara nema cikin harshen gida, in babu a duba harsunan dangi, in babu a aro a gyara rubutun.

Da wannan ƙa'ida suka tunkari ilimin nukiliya. Sunayen ƙananan ƙwayoyi irin su furoton da niyutoron sun are su kai tsaye. Tsagewar cibiyar zarra suka ce pembelahan, daga kalmarsu ta faskare abu. Lokacin da abu mai fitar da haskoki ke ɗauka kafin rabinsa ya rikiɗe suka ce separuh hayat, wato rabin rayuwa, fassara kalma da kalma. Kalmar ba ta fayyace ma'anar ba, amma ta zauna daram, domin akwai malami da littafi da jarrabawa a bayanta.

Su ma hanyarsu ba ta miƙe sak ba. A 2003 gwamnatin Mahathir Mohamad ta mayar da koyar da kimiyya da lissafi zuwa Turanci. A 2009 aka sanar da soke tsarin, bayan ƙorafin cewa yaran karkara ne suka fi cutuwa. Da suka juyo, sun tarar da kalmominsu suna nan cikin littattafai suna jira.

Darasin gonar Funtua

Ba sai mun je Asiya ba kafin mu ga yadda kalmar kimiyya ke kama bakin mutane. A 1975 aka fara Shirin Bunƙasa Noma na Funtua da tallafin Bankin Duniya, ɗaya daga cikin uku na farko a ƙasar nan tare da na Gusau da na Gwambe. Ya haɗa gundumomin Funtua da Bakori da Malumfashi da Ƙanƙara da Faskari. Malaman gona suka shiga ƙauyuka, aka buɗe wuraren sayar da taki da iri, ingantacciyar masara ta fara mamaye gonakin da da dawa da auduga ne a cikinsu.

Ku saurari manomin yankin nan yau. Zai ce takin zamani, don ya bambanta shi da takin gargajiya. Zai ce kamfa, zai ce yuriya, zai ce sufa. Ya san kamfa ake fara sawa, sai masara ta kai gwiwa a bi ta da yuriya. Ya san abin da zai faru da ganye idan yuriya ta yi ƙaranci. Ya san feshi da maganin ciyawa da ingantaccen iri. Wannan ilimin haɗa sinadarai ne tsantsa, kuma yawancin masu shi ba su taɓa shiga ɗakin gwaji ba. Kamfa kalmar Turanci ce mai nufin haɗin gambiza, bakin manomi ya sassaƙe ta har ta zama tasa. Takin zamani kuwa ƙirar gida ce. Duka biyun sun rayu saboda akwai buhu a gabansa, akwai malamin gona da rediyo suna maimaitawa, kuma kuskure a kansu asarar damina ce.

Wasu za su ce kayan aro ba ya rufe katara. Gaskiya ne ga riga. Kalma kuwa idan ta kwana a bakin mutane ta tashi daga aro, kamar yadda lantarki da asibiti da makaranta suka tashi.

Kalmomin da ke jiran mu

Ga wurare huɗu da giɓin ya fi fitowa, don mu gane irin aikin.

Na farko, sinadari. Mun ɗora wa kalma ɗaya kaya fiye da ƙarfinta. Yuraniyom sinadari, gishiri sinadari, abin da ke cikin madara mai gina jiki sinadari, har ɗanɗanon miya sinadari. A kimiyya kuwa dole a raba abin da ƙwayoyin zarrarsa iri ɗaya ne, kamar zinariya, da abin da aka haɗa daga iri biyu ko fiye, kamar ruwa.

Na biyu, tace yuraniyom. Ayyuka biyu ne muka ba suna ɗaya. Akwai raba ma'adinin da dutse da ƙasa, irin wanda ake yi a Arlit. Akwai kuma ƙara yawan nau'in da ke iya tsagewa, mai lamba 235, wanda a halitta bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Tashar lantarki tana buƙatar kashi 3 zuwa 5, bom kuwa wajen kashi 90. Rikicin da muke ji a labarai a kan Iran a kan aiki na biyu ne, mai sauraro kuwa ba shi da hanyar ganewa.

Na uku, rabin rayuwa. Wanda ya ji zai zaci bayan rabi biyu abu ya ƙare. Ka ɗauka kana da buhu 100 a rumbu, duk wa'adi rabin abin da ya rage yana tafiya. Bayan wa'adin farko saura 50, na biyu 25, na uku 12 da rabi. Wa'adin aidin mai lamba 131 kwana 8 ne, na kobal mai lamba 60 shekara 5 da 'yan watanni, na kabon mai lamba 14 shekara 5,730. Wa'adin raguwa da rabi ya fi tsawo a baki, amma ya fi faɗin gaskiya.

Na huɗu, haskokin da abubuwan nan ke fitarwa. Wani ya ce tururi, wani ya ce huci, wani ya ce burbushi. Tururi ana ganinsa, ana rufe masa ƙofa. Waɗannan ba a ganinsu, wasunsu suna ratsa jikin mutum. Danginsu ne ake ɗaukar hoton ƙashi da su a asibiti, da su ake ƙone ciwon daji, da su kuma ake kashe ƙwarin hatsi a cibiyar Sheda kusa da Abuja ba tare da hatsin ya koma mai fitar da haskokin ba. A nan ne maganar ta zama ta rai da lafiya. Matar da likita ya ce za a yi mata magani da haskokin nukiliya, kalmar da ta sani ɗaya ce tak, ƙare dangi. Idan ta tsorata ta koma gida, rashin kalma yana da kaso cikin abin da zai same ta.

Abin da ya rage gare mu

Ba mu da hukuma irin ta Malesiya, ba mu kuma da ikon canja harshen koyarwa. Amma muna da abin da Abubakar Imam bai samu ba: kowannenmu yana da maɗaba'a a aljihunsa. A 1969 Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya, ya kai yaron Hausa sararin samaniya cikin harshensa. Hanyar da ya buɗe har yau ba ta cika da masu bi ba.

Shawarata ga mai son gwadawa ita ce ya fara fahimtar abin kafin ya raɗa masa suna, ko da zai nemi malamin kimiyya na sakandaren garinsu ya zauna da shi. Ya duba ƙamus da abin da gidajen rediyo suka riga suka yi, kada ya ƙirƙiri sabuwa alhali akwai wadda ta zauna. Sunan abu, kamar niyutoron, ya are shi ya rubuta yadda Bahaushe zai furta. Aikin da abu ke yi kuwa, kamar tsagewa da raguwa da ratsawa, ya nemo shi a gida, Hausa ba ta da talaucin aikatau. Karon farko da kalma ta fito a rubutunsa ya bayyana ta da misalin da mai karatu ya sani: yadda niyutoron ɗaya ke tsaga cibiya, ta saki biyu ko uku su tsaga wasu, kamar wuta ce a gonar kara da kaka, tukunyar nukiliya kuma dabara ce ta hana wutar wuce iyaka. Idan ya zaɓi kalma ya tsaya a kanta daga farkon rubutu har ƙarshe. Sannan ya karanta wa wanda bai yi boko ba, ya ji abin da ya fahimta.

Kuma ba dole sai a maƙala ba. Jaruma a labarinka tana iya zama mai ɗaukar hoto a asibiti, jarumi yana iya zama ɗan manomin Malumfashi da ke karatu a Samaru, ya dawo hutu yana ƙoƙarin gaya wa mahaifinsa abin da yake koyo. Kalmar da ta fito daga bakin tauraron labari sau goma ta fi wadda ke kwance a shafi na 200 na ƙamus kusa da rayuwa.

Ga aikin wannan mako ga mai sha'awa: ɗauki ɗaya daga cikin kalmomi huɗun nan, ka bayyana ta cikin layi biyar da Hausa zalla, ka kawo mu duba tare. Allah ya ƙara mana basira, ya sa alƙalumanmu su amfani al'umma.